Birkin Gaba da Jarrabawar Aji Bakwai

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen bazara, shekarar da nake aji bakwai, Baba ya ɗora ni a kariyar kekensa da sanyin safiya, za mu Ringim in rubuta jarrabawar shiga sakandare. Inna ta ƙulle mini fensir biyu da dafaffen ƙwai a ƙyalle. Ni kuwa na riga na gama zama gwamna a raina, saura kawai a miƙo takarda in cika.

Ana gobe tafiyar, a gindin darbejiyar ƙofar gida, ni da Baba muka sake wa keken robar birkin gaba. Ba sayowa aka yi ba, tsohon takalminsa na taya ya yanka, ni ina miƙo sifana. Abin da zai ba ka haushi, a ƙauyenmu ba mai taɓa birkin gaba. An yi ittifaƙi cewa duk wanda ya kama shi zai tashi ta saman keke ya ci ƙasa, don haka ado ne kawai. Baba ya gyara shi ne don kada mutanen birni su ga kekensa da giɓi. Da aka gama ɗaure notuna, sai ga wani ɗan sifirin ya rage a kan tabarma. A matsayina na mai ilimin gidan, na yanke hukuncin cewa rara ce. Na kai shi bayan rumbu na liƙa wa motar kara da nake ƙerawa, don ta riƙa lilo a gargada kamar ta gaske.

Ba mu wuce gonakin garinmu ba Baba ya fara nishi. Da farko yashi ya ɗora wa laifi. Sai ya sauka ya ƙara wa taya iska. Sai ya juyo kaina: "Kai, duwatsun Dutse ka haɗiya ne?" Daga nan duk jigawar da muka tarar sai in sauka in bi shi da gudu. Ya roƙi man gyaɗa wurin wata mai ƙosai ya ɗiga wa sarƙa. Muna ta jin ƙaurin roba, ya ce manoma ne ke ƙona shara. Can ya tuna irin kallon da wani maƙwabcinmu ya bi mu da shi, ya yi addu'a ya tofa wa sirdi. Duk binciken nan bai leƙa gaba ba, don ba ya lissafa birkin nan cikin kayan keke.

Wani tsoho mai faci a gindin tsamiya ne ya ɗaga gaban keken ya juya taya. Ta yi rabin zagaye ta tsaya cak. Ya taɓa ƙarfen tayar, ya janye hannu yana yarfewa. "Malam, ai da birki a kame ka taho tun daga gida. Ina sifirin ɗin da ke mayar da shi?" Baba ya dube ni. Ni kuma na dubi tsamiya.

Da muka isa an riga an karɓe takardar farko. Baba ya cire hula yana roƙo, rigarsa sharkaf da gumi, wani malami mai tabarau ya ce sai baɗi. A ƙasa muka koma, yana tura keke, bai dake ni ba. Gara ma da ya dake ni. Kafin baɗi ciwon gwiwa ya zaunar da shi, fartanyarsa ta dawo hannuna, boko ya tsaya nan.

Yanzu a unguwar Takur ta Dutse nake zaune, bayan na ƙare ƙarfina ina buɗe wa waɗanda suka isa da wuri ƙofar ofis. Jikana yana da babur, da ya ji ɗan ƙara sai ya kai wa bakanike, minti biyar an gano. In na ba shi labarin nan dariya yake yi, ni ma in taya shi. Amma Baba nake tausayi, mutumin da ya yi ta taka feda da iya ƙarfinsa, alhali abin da ya riƙe shi yana zaune a bayansa.