Keken Kawu Haladu

Ku da kuka san Kawu Haladu kun san ba ya amsa gaisuwar mai keke sai ya tsuguna ya taɓa sarƙa. In ya ji ta a bushe, sai ka sha faɗa kafin ka samu "lafiya lau". Shekara da shekaru yana gyaran injuna a wata masana'antar fata a Challawa, kullum a kan tsohon kekensa daga Zawaciki.

Da gwiwa ta fara damunsa, 'ya'yansa suka yanke ya ajiye keken, a riƙa kai shi unguwa a mota. Ni suka tura, don ni ɗan ƙanwarsa ne, wai yana jin maganata. Ban rufe baki ba ya ce in gaya musu shi ba buhun masara ba ne da za a riƙa lodawa ana saukewa. Inji zai sa wa kekensa.

Ya samo wani tsohon injin ban-ruwa, ya ja ni Sharaɗa wajen mai walda. So yake a ƙara wa tayar baya faifai mai haƙora ta hagu, sarƙar inji ta ja shi, ta feda ta zauna a dama. Mai waldan ya ce wayoyin tayar ba za su ɗauka ba. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Ƙarfen ne ya gaya maka, ko tsoronka kake karanta mini?"

Ya ture mutumin, ya yi waldar da kansa, ya kuma ƙi biyan kuɗin aiki, sai na wuta.

Ranar gwaji duk unguwa ta fito. Ya ja igiya, inji ya kama, keke ya zabura da baya. Ya rushe dangar maƙwabci, awaki suka watse. Ashe injin ba ta inda ya zata yake juyawa ba! Muka ɗago shi yana kakkaɓe riga.

Na ce, "Kawu, ku haƙura haka nan."

Ya ce, "Haƙurin me? Ai ya tafi. Alƙibla ce kawai ba mu daidaita ba."

Mako biyu ya yi a kai. Ya juya injin, ya sake ɗaure tayar da wayoyin babur, abu ya yi kyau har mai waldan nan ya zo kallo. To amma ba ya kunnawa. Haka za ka gan shi yana taka feda, yana jan nauyin inji, gumi sharkaf. Na zata tsadar mai ce. Ya ce har da ita, amma gwiwa halin ma'aikaci gare ta: tunda ta ga an kawo wanda zai gaje ta, ta daina ƙorafi.

Wata Juma'a bara ina ƙofar gida na ji ƙarar inji. Sai ga Kawu zai tafi masallaci, ƙafafunsa a kan feda ba sa motsi. Ya ɗaga mini hannu, bai tsaya ba. Ranar ban yi dariya ba. Bai ƙara wata biyu a duniya ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya hutar da shi. Wallahi ya gaji, ya faɗa da bakinsa ne kawai ba zai yi ba.