Na tsallaka gada saboda kwamfuta mai tuffa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwarmu ta Gardole, ni da ɗan kawuna, a kan sabon babur ɗinsa. Shi ke tuƙi, ni ina baya rungume da tsohuwar kwamfutata a cikin jaka.

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, ba son yawo ya fitar da ni ba. Na tsufa ina buga wa dillalan shanu da mahauta takardu, da Faransanci da Larabci. Bara wannan ɗan kawun nawa, wanda ni na nuna masa inda ake kunna inji, ya buɗe shago daura da nawa, ya ɗora wata kwamfuta fara sol mai hoton tuffa a murfi. Tun ranar mutanena suke wuce ƙofata suna ɗaga mini hannu. Ƙungiyar mahautan unguwa kuma za ta ba da aikin katin membobinta a wannan wata. In ya tafi wurinsa, sai in rufe shago. Shi ya sa na ce zan bar tsarin da hannuna ya saba da shi, in koma irin tasa. Inda zan saya ne ban sani ba. Shi ya ce mini Kusiri, garin da ke tsallaken iyaka, can ya sayi tasa, kuma ta fi araha.

Hanyar gadar Ngeli cike take da tireloli da masu kilando, wato 'yan acaɓa, da mata masu kwandunan kifi. A bakin iyaka an gaishe shi da “patron”, wato maigida, ni aka ce in fito da katin shaida. Muka sha shayi da fankasau, ya riga ni biya. Har wannan ma ya ɓata mini rai.

Shagon na Kusiri sai ƙyalli. Farashin ya sauka sosai, ban musa ba. Amma mahaifina bai taɓa sayen bijimi ba sai ya taɓa tozonsa, ni ma ba na sayen inji sai na rufe ido na buga layin farko na wasiƙar ƙorafi. Na buga. Da na buɗe ido, shirme ne a allo. Maɓallan jerin Ingilishi ne, ba na Faransanci da na saba da shi ba, kayan da ke shigowa ta Najeriya, kuma babu harafin Larabci ko ɗaya.

Ina nan tsaye mai shagon ya dubi ɗan kawuna ya ce, “Patron, yau ba ka kawo takardun da zan juya maka ba? Ko firintar taka ta fara karɓa?”

Ɗan kawuna ya yi tari. Ya ce, “Yaya, zo mu ga waccan baƙar.”

Ashe duk mako yana tsallako gada da aikin mutanena a aljihu, wani ya gyara masa. Allah ya gafarta mini, sanyin da na ji a ƙirjina ko ruwan randa bai kai shi ba.

Muka juyo rana tsaka, kwalta tana tururi. Na ce ya sauke ni a babbar kasuwar garinmu. Can bayan masu sayar da wayoyi akwai wani dattijo mai gyara, jikan mahajjatan da suka yada zango a garin nan ba su ƙarasa Makka ba. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, fanka ma babu. Yana da mai tuffa guda ɗaya, ta hannu, da ƙarzuwa a gefe, kuma ta fi ta Kusiri tsada. Na rufe ido na buga. Layin ya fito daidai. Haruffan Larabci da kansa ya lilliƙa su.

Na ce, “Baba, takarduna na shekara da shekaru fa?”

Ya ce, “Zauna. Ba ka tashi sai kowace ta buɗe a gabanka. Gobe ka kawo firintarka, in ta ƙi, ka dawo mini da kayana.”

Har la'asar ina kan benci yana kwashewa, yana nuna mini inda aka ɓoye abubuwan da na saba gani a fili. Sau uku na rufe abin da nake son buɗewa. Bai yi mini dariya ba.

Na koma Gardole a kilando, da jaka mai nauyi biyu. Washegari firinta ta karɓa. Shugaban mahauta ya leƙo, na buga masa samfurin kati da harsuna biyu yana tsaye, ya ce in fara.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa: ka sayi inji a inda ƙafarka za ta iya mayar da shi, wurin wanda zai zauna da kai. Jiya ɗan kawuna ya shigo da takardu a hannu yana sosa ƙeya, wai gada ta yi nisa. Na juya masa. Amma tasa har yanzu ta fi tawa fari, kuma babur ɗin nan yana nan a ƙofarsa, kullum ina ganinsa.