Yadda Na Cinye Injin Mijin Yayata

Kafin in lalace, ni mai cajin waya ne a bakin kasuwar Yelwa. Rumfar kwano ce da ƙaramin janareta. Ranar kasuwa masunta daga Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa sukan ajiye wayoyinsu wurina, su tafi cinikin kifi, su dawo su karɓa. Sun yarda da ni, har wasu kan ce in karanta musu saƙo. Abin da nake samu yana ciyar da ni da Inna. Kada wani ya ce talauci ne ya ja ni. Ban rasa tuwo ba ko rana ɗaya.

Ƙwallo nake so tun ina ƙarami. A gidan kallo in na ce ƙungiya kaza za ta ci, sau da yawa haka ake yi, har aka laƙaba min Farfesa. Wata Asabar wani abokina ya ce, "Kai da ka san wasa haka, kana barin kuɗi na wuce ka?" Ya ja ni shagon caca da ke bayan tasha. Na sa kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, na ci abin da ya fi cinikina na mako guda. Da ma a ce ban ci ba.

Daga nan na ɗauki caca sana'a. Na sayi littafi ina rubuta wace ƙungiya ke ƙarfi a gida, wa ya ji rauni, wa aka ba jan kati. Na kafa wa kaina dokoki. Ba na sa wa ƙungiyar da nake ƙauna. Ba na haɗa fiye da wasa uku a tikiti ɗaya. In na faɗi yau, gobe in ninka kuɗin don in maido. Ina faɗa wa mutane waɗannan dokoki da fuskar malami, alhali kuɗin man janareta nake zubarwa. Kullum maganar ɗaya ce, wasa ɗaya ne ya ɓata min tikiti. Salla ta koma sai an tafi hutun rabin lokaci, ita ma a gaggauce.

Da na ga caca ba ta biya, sai na gane inda kuɗin yake, wato sayar wa mutane da ƙarya. Na sayi sabon layi. Duk wayar da aka kawo caji, sai in kwashe lambobin da ke ciki. Na tura musu saƙo cewa ni wakilin wasu manya ne a Turai masu shirya sakamakon wasa tun kafin a buga. Sai in raba lambobin gida biyu: rabi in ce musu masu gida za su ci, rabi in ce ba za su ci ba. Dole ɗaya ya dace. Waɗanda na faɗa wa ƙarya in watsar da su, waɗanda suka dace in sake raba su biyu a wasa na gaba. Bayan wasa biyar, 'yan kaɗan da suka rage sun ga maganata ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. Su ne na ce wa babban wasa na zuwa, su turo kuɗi mai kauri in sa musu da kaina.

Yanzu ga abin da har gobe nake jin ƙyamar kaina a kansa.

Yayata Ladi tana aure a Wara. Mijinta Bawa masunci ne, mai kwalekwale da injin da ya yi shekaru yana tara kuɗi kafin ya saya. Shi ya biya min kuɗin janareta lokacin da zan buɗe rumfa. Wata ranar kasuwa ya zo da ƙullin busasshen kifi na Inna, ya ja ni gefe, ya miƙo min wayarsa.

"Ƙanena, kai ka san ƙwallo. Duba min wanga mutum. Sau biyar yana hwaɗa min wasa, bai taɓa kuskure ba. Gaskiya ne ko ɗan damfara ne?"

Na duba. Saƙonnina ne, har da kuskuren rubutuna. Ya canza layi ban sani ba, lambarsa ta shigo cikin waɗanda na kwasa. Layin da na turo su da shi yana cikin aljihun wandona a lokacin.

Ya ce, "Ya ce in kawo kuɗi da yawa. In na ci zan sayi inji na biyu, in kai Ladi asibiti a duba mata idon nan. Amma sai na sai da wanda nike da shi. Mi ka gani?"

Kalma ɗaya ce za ta cece shi. Na dubi fuskarsa, na tuna yawan kuɗin inji, na ce, "Yaya Bawa, irin waɗannan mutanen ba su ƙarya. Ni da ina da shi da na sa."

Ya yi min godiya. Har ya saya min lemo.

Kwana uku bayan nan kuɗin suka shigo. Na karya layin na jefa a kwata. Kuma kada ku zaci na ji daɗinsu. Shagon bayan tasha na kai su, da dokokina da littafina, ina cewa in na ninka sai in mayar masa da nasa a ɓoye. Mako biyu ba su cika ba suka ƙare tas.

Asirina ya tonu ta hannun wasu 'yan acaba biyu. Suna hira a inuwa, ɗaya ya nuna wa ɗaya saƙon wakilin Turai. Lamba ɗaya, wasa ɗaya, amma an ce wa wannan masu gida, an ce wa wancan baƙi. Maganar ta bazu, waɗanda suka tura kuɗi suka kai ƙara, aka bi asusun da aka tura, ya kawo 'yan sanda har rumfata da rana tsaka. Aka fito da ni gaban masu kifi, mutanen da na kwashe wa lambobi suna tsaye suna jiran wayoyinsu.

A kotu aka karanto sunayen waɗanda na cuta. Da aka zo kan na Bawa, Inna ta miƙe ta fita. Shi kuwa bai ɗago kai ba har aka yanke min hukunci.

Shekara biyu na yi a gidan yari. Ba sauro ko warin bokiti ne suka fi damuna ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ko a can na kama kaina ina tambayar gandiroba wa ya ci wasan jiya. Ladi ba ta zo ba ko sau ɗaya. Inna ta zo sau biyu, a na biyun ta ce, "Bawa na jan taru a jirgin wani yanzu, ana biyan shi da kifi. Idon Ladi na hagu ya rufe. Na zo in gaya maka don ka sani."

Da na fito, Wara na nufa kafin gida. Na sami Bawa a bakin ruwa yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Kuɗi na yahe don Allah. Amma na tambaye ka ido da ido. Wannan ban san yadda za ni yi da shi ba. Tashi ka tahi."

Yau dako nake yi a kasuwar kifi, don ba mai sake ba ni wayarsa. Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa. Ku matasa, ku ji daga bakin wanda ya yi: babu gwani a caca, babu dabara, mai shago ne kawai ke ci. Duk wanda ya turo muku tabbataccen wasa, irina ne, kuma ya tura wa wani akasinsa. In kun ci tikitin farko, ku ji tsoro. In abokinku ya ce ku shiga shagon nan ku gwada da kuɗi kaɗan, ku ce masa a'a, ku wuce. Ni ma da kaɗan na fara, ga shi yayata ta ciki ɗaya in ta ji muryata a ƙofar gida sai ta shige ɗaki.