Bazarar da Dua Ta Manta Hanya

Hang A Lenh mutumin Chu Vang ne, a nan aka haife shi, a gidan katako na ƙarshe kafin a shiga kurmi. Tun yana yaro yake bin ɓaunar mahaifinsa a hanyar da ta zagaye tsaunin bayan gari, wadda ke tashi daga bakin rafi, ta hau har inda itatuwa ke gajarta, sannan ta gangaro ta kan tudu ta ɓullo bayan makaranta. A hanyar nan ya fara ganin Dua, 'yar gidan Thao, tana saukowa da kwandon itace a baya, hannuwanta shuɗi saboda rini. Ya ce ta kawo ya taimaka mata. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce in ya iya ɗaukar kansa ma ya yi ƙoƙari. Shekara ba ta zagayo ba suka yi aure.

Sun haifi 'ya'ya uku, ɗaya ce ta rayu, Pang, wadda ta girma ta auri wani mai gyaran babur a birnin Lao Cai. Rayuwarsu ba ta wuce ta sauran mutanen gari ba: masara a tudu, shinkafa a gangare, aladu biyu, da tukunyar shunin Dua a bayan ɗaki.

Da baƙi suka fara zuwa daga Hanoi da ƙasashen waje don hawan tsauni, hanyar ta zama abin cin abinci ga mazan gari, wasu jagora wasu dako. Amma duk lokacin sanyi rufe ta ake yi saboda ƙanƙara, kuma idan sanyi ya saki bayan bikin sabuwar shekara, ba wanda ya san abin da zai tarar. Iska ta kada itatuwa, gora ta kwanta ta toshe hanya, ƙasa ta zame, gadar rafi ta ruɓe, gansakuka ta lulluɓe duwatsu. Dole wani ya fara bi kafin a kai baƙo. Lenh da Dua suka ɗauki aikin, tun ana ba su goro har ya zama kowa ya san nasu ne.

Ba tare suke hawa ba. Shi yakan bi ta wajen rafi da gatari, inda manyan itatuwa ke faɗuwa. Ita ta bi ta tudu da adda, inda gora da sarƙaƙiya suka fi yawa. Sai su haɗu a bukkar da ke can sama, su kwana, washegari su sauko tare. Kusan kullum ita ke riga shi. Tun daga nesa yake hango hayaƙi, ya isa ya tarar ta dafa ruwan zafi tana gasa masara.

"Na ɗauka damisa ta cinye ka," takan ce, ba ta ko ɗaga kai ba. "Har na fara tunanin wa zan aura."

"Wa zai kwashi tsohuwa mai shuɗin hannu?"

"Ai kai ma da ka kwasa ba a dole aka sa ka ba."

Idan sun sauko, jagorori su taru a tsakar gidansu. Lenh ba mai yawan magana ba ne, Dua ce ke bayani: wajen kaza laka ta kai gwiwa, a jira rana ta yi kwana biyu, dutsen da ke ƙasan bukka santsi ne da shi, a ɗaura igiya, matsattsaku sun fito da wuri bana, a gaya wa baƙi su cusa wando cikin safa, jajayen furannin saman tsauni ba su buɗe ba tukuna, kada a yi wa kowa alkawarin hoto. Haka suka yi shekara da shekaru, har furfura ta cika musu kai.

Abin ya fara ne da ƙananan abubuwa. Dua ta sa gishiri sau biyu a miya. Wata rana aka nemi lauje aka rasa, sai ga shi cikin buhun shinkafa. Da Pang ta zo bikin sabuwar shekara, uwar ta kira ta da sunan wata ƙanwar ita Dua da ta daɗe da mutuwa, ta kuma tambaye ta ko ta ba kaji ruwa. Pang ta ja uban gefe ta ce a kai ta asibiti. Lenh ya yi dariya ya ce tsufa ne kawai, shi ma ran nan ya nemi hularsa tana kansa. A ransa kuwa ya san ba haka ba ne, don ya taɓa tarar da ita tsaye gaban tukunyar shuni riƙe da ƙyalle, tana kallonsa kamar wani ne ya ba ta ajiya.

Bazarar shekarar ta zo da yayyafi marar yankewa da hazo mai kauri. Cho, ɗan wan Lenh, wanda shi ne shugaban jagorori, ya riƙa zuwa yana cewa baƙi sun matsa, ana ta kiran waya. Da rana ta ɗan leƙo, Lenh ya wasa gatari. Yana wasawa ya ce da Dua, kamar da wasa, bana ta huta, Cho zai bi ta tudu.

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta tambaye shi ko ƙafarta ce ta karye. Ya ce a'a. Ta tambaye shi ko wani ya kawo ƙarar aikinta. Ya ce a'a. Ta ce to ita ta bi hanyar nan da cikin Pang, ta bi ta da goyo, ta bi ta a shekarar da suka binne ɗansu, ba yau za a zaunar da ita kamar tsohuwar kaza ba. Lenh ya ce to su hau tare ta gefe ɗaya, ta ƙi. Ya dubi yadda take ɗaure ƙafafunta da ƙyalle, hannunta bai yi kuskure ko ɗaya ba, ya ce a ransa wanda ya manta lauje ba lalle ya manta hanyar da ya tsufa a kanta ba. Da safe suka rabu a bakin gari, ita ta yi tudu, shi ya yi rafi.

Hanyar rafi ta lalace fiye da kowace shekara. Wata babbar itaciya ta faɗi ta gilma, ya sha wahala kafin ya buɗe inda mutum zai wuce. Gada ɗaya ruwa ya tafi da ita. Rana ta karkata kafin ya fito daga kurmi ya hango bukka. Ba hayaƙi. Ya tura ƙofa, murhu sanyi ƙalau, tokar bara ce a ciki. Ya yar da gatarin ya bi hanyar tudu yana kiran sunanta, hazo na mayar masa da muryarsa.

Ya yi tafiya mai nisa cikin gorar da ba a taɓa ba kafin ya isa inda saran addarta ya tsaya. Aikin tsaf, kamar kullum, an sare an jaye gefe. Daga nan sawu ya kauce ya bi wata tsohuwar hanyar maharba. Bai yi nisa ba ya same ta zaune a kan dutse, jiƙe sharkaf, adda a cinyarta, matsattsaku sun kama mata ƙafa jini na bin idon sawu, ita ko a jikinta.

Ta ɗaga kai ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da budurwa ke yi wa dattijo.

"Baba, don girmanka, ba ka ga mijina a hanya ba? Wani saurayi ne dogo, da gatari. Ya ce in jira shi, ga shi har yanzu."

Lenh ya matso kusa da ita. Ya durƙusa ya fara cire mata matsattsakun ɗaya bayan ɗaya. Ta janye ƙafa cikin kunya, ta ce ya bari, mijinta zai yi. Da ƙyar ya ce mata mijin nata ne ya aiko shi, ya ce ya kai ta gida. Sannan ta yarda. Ƙafafunta sun sandare don sanyi, sai goya ta ya yi. Duk gangaren nan mai santsi yana tafe yana dafa ƙasa, ita kuwa tana bayansa tana yi masa godiya, tana ba shi labarin mijinta: wai ba shi da surutu, wai akwai shi da nawa, amma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Hawaye da yayyafi suka haɗu a fuskarsa, bai samu hannun sharewa ba.

An kira boka ya zo ya kira kurwarta, aka yanka kaza a bakin ƙofa, aka ɗaura mata farin zare a wuyan hannu. Pang ta kai ta asibiti a Lao Cai, likita ya duba ya ba da magani, ya ce a yi haƙuri, ciwon ba ya komawa baya. A shekarar dai Cho da abokansa suka ƙarasa sharar hanya. Suka zo gaishe da Dua, suka zauna a tsakar gida, kowa na kallon ƙasa, ita tana ta zuba musu shayi tana tambayar daga wane gari suke.

Lenh bai sake hawa ba. Ya sayar da aladun, ya bar wa Cho gonar tudu. Ya koyi girki da wanki yana tsoho. Matsalar ita ce ƙafar Dua ba ta manta tafiya ba. Da ya juya baya sai ta ɗauki adda ta nufi bayan makaranta. Sau biyu matan gari suna dawo da ita. Dole ya sa sakata a ƙofa ta waje idan zai je ɗebo ruwa. Yakan dawo ya tarar tana dukan ƙofa tana kuka, tana cewa wani tsoho ya kulle ta, in mijinta ya dawo zai gani. Sai ya ajiye bokiti ya tsaya a waje har ta gaji, don ya kasa haɗa ido da ita.

Wani lokaci hankalin yakan dawo, kamar yadda rana ke leƙowa ta koma. Wata safiya yana taje mata kai sai ta kama hannunsa ta ce, "Uban Pang, yaushe ka tsufa haka?"

"Jiya," in ji shi. "Kina barci."

Ta yi dariya irin tata ta da. Ta tambaye shi wa ya share hanya bana, ya ce Cho. Ta ce Cho ragon banza ne, a gaya masa ya duba igiyar dutsen nan. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce ta san tana wahalar da shi. Ya ce ai tun ranar da ya gan ta take wahalar da shi, ya saba. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta koma kiransa Baba. Wannan ce rana ta ƙarshe da ta gane shi.

Ta ƙara shekara biyu a haka. A ƙarshe ta daina fita, ta daina dukan ƙofa, sai dai ta zauna a bakin taga tana jira. Duk wanda ya shigo ta tambaye shi ko ya ga mijinta. Lenh ya gwada komai. Ya sa rigar aurensu, ya ɗauko gatari ya tsaya a gabanta, ya faɗa mata sunayen 'ya'yansu har da waɗanda suka mutu. Takan saurare shi da haƙuri, ta ce shi mutumin kirki ne. Ta rasu ana girbin shinkafa, da rana tsaka, hannunta cikin nasa. Maganar da ta yi ta ƙarshe ita ce in mijinta ya zo a gaya masa ta jira.

Bayan an gama makoki Pang ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Bai yi gardama ba. Suna haɗa kaya ta yi ta lallashinsa, tana cewa kowa a garin nan shaida ne, ba mijin da ya taɓa yi wa matarsa abin da ya yi.

"Kowa ya sani," in ji shi. "Ita ce ba ta sani ba. Ta tafi tana ganin na yar da ita."

Pang ta ci gaba da naɗe tabarma.

Yanzu yana zaune a Lao Cai, a wani ɗan ɗaki saman shagon surukinsa. Da safe ya raka jikoki makaranta, ya dawo ya zauna a bakin shago yana miƙa wa masu gyara sifana. Maƙwabta sun san shi da tsohon nan na tsauni mai yawan shiru. Cho yakan biyo idan ya shigo gari, ya kawo masa zuma da giyar masara, ya ce motarsa a buɗe take in yana son ganin gida. Lenh ya karɓi zumar ya yi godiya, ya tambayi lafiyar yara da ɓauna, ya ce sai wani jiƙon.