Abin da ke cikin ƙwallon zarra

Jikata, 'yar babban ɗana, wadda nake kira amarya don in ga ta harare ni, kimiyya take karanta. Ni kuwa karatuna ya tsaya inda alli ya ƙare. Da ta zo hutu sai ta riƙa zama a shagona na turare a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, Hausarta rabi Larabci.

Na tambaye ta aikinta. Ta ce cikin ƙwayar zarra akwai wani ɗan ƙwallo, furoton. Babu wuƙar da za ta yanka shi, babu tabaran da zai gan shi. Sai a harbe shi da wasu ƙananan abubuwa da ƙarfin gaske. Galibi su wuce salin-alin, kaɗan su karkace, wani ma ya dawo baya. Daga nan aka gane akwai tsakuwoyi masu tauri a ciki, wai kwak.

Na gyara hula na ce mu da muke jifa a Mina duk shekara ba wanda ya ba mu digiri.

Ba ta yi dariya ba. Ashe akwai abin da ya kawo ta: labarin tahowarmu daga gida ta Cadi da Sudan, ina yaro. Ubanta ma bai taɓa samunsa a bakina ba, ita kuma tana ganin yadda na fara jan ƙafa.

Ta shiga tambaya. Me muka ci a hanya? Na ce iska da miyar haƙuri. Raƙumi muka hau? Na ce shi ya hau mu. Duk tambayoyin suka wuce salin-alin.

"Sidi," ta ce, yadda ake kiran kaka a nan, "wa ya riƙe hannunka a jirgin ruwa?"

Na ce shayin nan ba sukari, amaryar zamani ba ta iya komai ba.

Ta dube ni. "Wannan ta dawo baya," in ji ta a hankali.

Ban san ana yi wa tsoho kimiyya ba. Na ajiye kofin. Na gaya mata inna ba ta ga teku ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita a wani ƙauye da ban san sunansa ba, can muka bar ta. Wata maƙwabciya ce ta riƙe ni.

Wani mahajjaci ya leƙo neman almiski. Amarya ta ce masa ya dawo bayan la'asar, ta ja kujerarta kusa da tawa.