Sabar da Jalaluddeen Ya Haɗa

Jalaluddeen mutumin Roni ne. Ya karanci kwamfuta, ya samu aiki a wurin Alhaji Mamuda, dillalin taki a Kazaure. Da Alhaji ya buɗe rassa a Babura da Gwiwa, sai ya sa shi haɗa saba, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan shagunan duka.

Wajen zaɓen manhajar da za ta tafiyar da sabar, ya gwada Ubuntu, ya ga tana da sauƙin sha'ani. Ya gwada Rocky, ya ga ta fi dacewa da manyan kamfanoni. Duka kyauta ne, amma ya zaɓi Debian, don ba ta yawan canji, kuma tsohuwar na'urar Alhaji za ta ɗauke ta.

Damina ta zo ta wuce, sabar ko tari ba ta yi ba. Sai Alhaji ya kira shi.

"Malam Jalalu, kullum a zaune nake ganinka. Abin nan ai da kansa yake aiki."

"Ranka ya daɗe, ni nake lura da shi."

"To, in ya lalace ma neme ka."

Yanzu Jalaluddeen cajin waya yake yi a bakin tasha. Har yau ba a neme shi ba.