Bindigar da Kawu Tanko Bai Haɗa Ba

"Me za a kashe da shi?"

Duk wanda ya taɓa kai aiki maƙerar Kawu Tanko a bayan kasuwar Batsari ya san wannan tambaya. Zai amsa sallamarka, ya gaishe ka har kaji da awaki, sannan ya karɓi ƙarfen ya ƙwanƙwasa a kan uwar maƙera, ya kara a kunne kamar mai sauraren rediyo. Sai ya ɗago ido ya jefo maka ita. Ko hauya ka kawo, sai ka ce ciyawa za a kashe kafin ya sa hannu a zugazugi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, don haka na san asalin abin. Gidan kakanninmu na wajen uwa maƙera ne tun kafin Musulunci ya shiga gidan, kuma suna da ƙa'ida: duk abin da ƙarfen maƙeri ya fara kashewa, maƙerin na da rabo a ciki. Maharbi ya kawo cinyar naman farko, manomi ya kawo zangarniyar farko. Kawu ya musulunta tun yana saurayi, ya watsar da tsafin gida kaf, amma wannan ya riƙe ta gam. Na taɓa ce masa, "Kawu, anya wannan ba ragowar jahiliyya ba ce?" Ya ce, "Alaramma," haka yake kirana in zai yi mani shaƙiyanci, "ba kai ka karanta mana cewa za a tambayi hannu abin da ya aikata ba? To ni tun a nan nake karɓar rabona, don in san me za a tambaye ni."

Kun tuna Hajiya Asabe mai tuwo? Ta kawo masa guntun ƙarfe a yi mata wuƙa. Ya yi tambayarsa. Ta ce, "Haba Baba, kuɓewa ce fa kawai!" Ya ce to. Washegari da azahar sai ga shi a ƙofar gidanta da akushi a hammata. Ta ce lafiya? Ya ce, "Na ji an yi kisa a gidan nan, na zo karɓar cinya." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zuba masa. Ya ɗanɗana miyar ya ce, "Wuƙar ta yi aikinta. Gishirin ne ba ni na ƙera ba."

Ga shi da tattalin ƙarfe, kai jama'a! Kawu ba ya wuce ƙusa a ƙasa. Wata rana na goya shi a babur za mu ɗaurin auren ɗiyar amininsa a Safana. Ba mu yi nisa ba ya dunguri bayana. "Tsaya, tsaya!" Na ɗauka hularsa ce ta faɗi. Ashe noti ya hango. Muka ci gaba, ya sake dunguri: guntun sarƙar keke. Sau bakwai na ƙirga. Muna isa ana watsewa, maroƙi har ya gama sanarwa, aljihun babbar rigarsa ya rinjaya gefe ɗaya yana ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Na ce, "Kawu, ka ga mun rasa fatiha." Ya ce, "Aure ya ɗauru ba ni, ba ka gani ba? Ƙusoshin nan kuwa wa gare su in ba ni ba?"

Shi ne kuma mai ƙera wa maharba bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Audu maharbi na Karare ya karɓi tasa, ya shekara bai kashe ko kurciya ba. Kunya ta ishe shi, domin duk ranar kasuwa sai Kawu ya ɗaga murya, "Audu, ina cinyata?" Ran nan sai ga Audu da cinya a nannaɗe cikin ganye, wai barewa ya kayar a bakin daji. Kawu ya karɓa, ya juya, ya sansana. Can ya ce, "Allah mai iko. Audu, barewar nan dusa take ci, kuma wanda ya feɗe ta hannunsa irin na mahautan bakin tasha ne." Amma bai mayar ba. Ya sa aka dafa, ya kira Audun suka ci tare, ya ce gara maharbin da ke ciyar da mahauci da wanda ke ƙarar da daji.

Mun yi ta dariyar tambayar nan shekara da shekaru. Ban san nauyinta ba sai da ta zo kan ɗana.

Ba sai na ba ku labarin shekarun da daji ya lalace ba, kowa na da nasa. Mu namu shi ne mijin ɗiyata, wanda aka harbe a gona da rana tsaka yana huɗar gyaɗa. Babban ɗana Lawal shi ya ɗauko gawar. Aminai ne tun suna yara. Daga ranar Lawal ya daina yawan magana, ya daina zama cikin mutane. Kuma ya ɗora laifin a kan wata ruga da ke yamma da gonakinmu, wai su suka nuna hanya. Ba shi da shaida. Mutanen rugar nan tun ina yaro muke shan nononsu.

Da rani ya yi nisa na ga wani buhun taki a ɗakinsa. Na buɗe, na ga ƙarafa: bututu, da gidan harsashi, da wasu abubuwa da ban san sunansu ba. Ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ban san daga ina ba, kuma har yau ban tambaya ba. Bindigar zamani yake so ya haɗa da kansa, irin wadda ke ɗura wa kanta harsashi, kana taɓa kunama tana tashi. Ya yi ta kallon waya yana gwadawa, abin ya ƙi. Na yi masa nasiha, na jawo aya, na jawo hadisi. Ya durƙusa ya saurara har na gama, ya ce, "Na ji, Baba." Wanda ya haifi ɗa ya san irin wannan "na ji".

Da abin ya gagare shi sai ya ɗauki buhun ya nufi maƙera. Na bi shi a baya.

Kun san wasan jika da kaka. Lawal bai taɓa shiga maƙerar nan bai ce ya zo ƙwace Inna Rabi, matar Kawu, ba. Ran nan bai yi wasa ba. Ya gaida shi, ya zazzage buhun.

Kawu ya ɗauki bututun ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne. "Kai! Wanga ƙarfe ya yi makaranta." Ya ɗauki wani ya duba, yana ta santi kamar an ba shi kilishi. Sannan ya ɗago.

"Me za a kashe da shi?"

Lawal ya kau da kai.

"Abokina, da kai nake. Ka san ƙa'idar gidan nan. In na haɗa, ina da cinya. Cinyar wa za ka kawo mani?"

"Tsoho, ka san abin da aka yi mana."

"Na sani, ni na yi wa gawar wanka. Suna nake tambaya. Jauro mai rugar ne, ko ɗansa mai kawo mani sanda in sa mata zobe? Ko matar da ke ba kakarka man shanu? Ka faɗa mani tun yanzu in san wadda zan ci."

Lawal ya ce, "Ai kana gyara wa masu tsaron gari bindigoginsu."

"Ina gyarawa, gobe ma zan gyara. Su gari suke tsaro, ba gidan wani za su ba. Kuma bindigar toka mai kunya ce. In ta yi magana sau ɗaya sai ta yi shiru, ka tsaya ɗuri, ka tuna Allah, ka tuna uwarka. Wagga taku ba ta jiran istigfari."

Na ce a raina shi ke nan, zai kore shi, shi kuwa ya kai wa wani wanda ba ya tambaya. Sai na ji Kawu ya ce, "Bar su nan. Aiki ne babba, ka dawo kasuwa mai zuwa."

Da Lawal ya fita na ce, "Kawu, don girman Allah, haɗa masa za ka yi?" Ya ce, "Alaramma, kai ka yi wa'azinka bai ji ba. Bar ni in yi sana'ata."

Kasuwa ta zagayo, Lawal ya je. Kawu ya ce gawayin da ke akwai na banza ne, irin wannan ƙarfe sai gawayin ƙirya. Lawal ya nemo buhu guda. Kawu ya ce madalla, sai dai damina ta faɗi, manoma sun yi layi da galma, ko so yake a ce jikansa ya hana gari noma? Bayan kaka ya ce bayansa ya riƙe. Da baya ya saki, ya ce azumi ya matso, shi ba ya taɓa kayan faɗa a watan Sha'aban. Lawal ya ce, "Tsoho, yaushe aka saukar da wannan?" Ya ce, "Bana."

Sau ɗaya Lawal ya fusata ya ce a ba shi kayansa. Kawu ya ce, "Aikin da aka fara ba ya fita maƙera, sai dai in gawata za ka tsallaka. Zauna ka ja mani zugazugi, hannunka ya fi nawa ƙarfi." Ya zauna yana ja yana huci. Haka ya zama duk ranar kasuwa: ya je neman bindiga, ya ɓuge da zuga wuta, tsohon na ba shi labarin mamacin tun yana yaro, har da ranar da ya saci masabarsa ya je fasa goruba. A maƙerar nan Lawal ya fara yin kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ni ban gani ba, Inna Rabi ta gaya mani.

A cikin haka mutanen rugar suka tashi. Su ma an kore masu shanu, an kashe masu mutum biyu. Jauro ya biyo ta maƙera yin sallama, ya tarar da Lawal a bakin wuta, ya dafa kansa ya yi masa gaisuwar rashin amininsa. Lawal bai ɗago ba. Da ya dawo gida bai ci abinci ba. Bayan ɗan lokaci na ga ya karɓi aikin buɗe masallacin unguwarmu da share shi, ba wanda ya sa shi. Maganar buhu kuwa ba wanda ya sake tayarwa, amma ni kullum tana raina, domin ƙarfe ba ya ruɓewa, zuciya kuma tana juyawa.

Bara, da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, ya aika in zo bayan la'asar da tawada da takarda, in taho da Lawal. Shi bai iya rubutu ba, kuma bai yarda da boko ba, ya ce wasiyya da ajami ake yi don mala'iku su karanta ba wahala. Ya raba masaba da awartaki da uwar maƙera, ina rubutawa. Sai ya ce, "Rubuta: bindigar Lawal."

Alƙalamin ya tsaya a hannuna.

"Rubuta mana. Bututun, shi ne bakin zugazugina. Shekara biyu yana hura wuta ta cikinsa bai gane ba, wai shi mai haɗa bindiga."

Lawal ya buɗe baki.

"Gidan harsashin na buɗe shi na yi wa Rabi matankaɗin gyaɗa, ƙananan kuma suna tarkon gafiya a rumbunta. Gafiya goma sha ɗaya, ban karɓi cinya ba, na yafe. Wancan mai nauyin, mai ja da komawa, shi ne sakatar masallacinku."

"Tsoho! Sakatar da nake..."

"Ita. Sau biyar a rana kana jan bindigarka, ba ta taɓa yi maka gardama ba. Ka ce ban iya aiki ba?"

Lawal ya fara dariya, dariyar ta juye, ya kifa kai a gefen gadon. Kawu ya ɗora masa hannun nan nasa mai kanta. Ya ce, "Abokina, na ci amanarka, ka yafe mani. Ban iya cin cinyar da za ka kawo ba." Sannan ya juyo gare ni. "Alaramma, ƙara layi ɗaya. Duk wanda ya ja sakatar nan ya shiga ya yi salla, ina da cinya a ladan. Ƙa'ida ce."

Na rubuta. Takardar tana cikin gafakata. Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Sakatar tana nan, ku duba in kun zo salla. Tana da ɗan tauri da sanyin safiya, Lawal na sa mata man gyaɗa.

Ya Allah, ga bawanka Tanko ya zo maka da hannuwa masu ƙuna da kanta. Ka tambaye su da sauƙi. Ka ba shi rabonsa a kowace sujada da aka yi bayan ƙofar nan, ka gafarta masa, ka sanyaya makwancinsa. Ka jiƙan surukina da duk waɗanda daji ya ci, na gari da na ruga, ka zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Amin.